Harafin "s" a ƙarshen kalmar Turanci: jam'i ne ko tilo?

Tambaya: Malam, tun a firamare aka koya mana cewa "s" alamar jam'i ce a Turanci. To, me ya sa ake cewa "the boy plays" alhali yaron ɗaya ne, amma idan yaran suna da yawa sai a ce "the boys play"?

Amsa: Abin da aka koya maka gaskiya ne, ɗana, sai dai bai cika ba. Wannan harafi, wanda shi ne na 19 a jerin haruffan Turanci, aiki uku yake yi idan ya zo a matsayin ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a ƙarshenta.

Idan ya hau kan suna, jam'i yake nunawa, kamar "book" da "books". A nan Turanci ya fi Hausa sauƙi, domin mu gida gidaje muke cewa, yaro yara, ƙasa ƙasashe, kowace kalma da hanyarta.

Inda ya rikita ka shi ne kan aikatau, domin a can yana nuna cewa mai aikin guda ɗaya ne, kuma ba mai magana ba ne, ba kuma wanda ake magana da shi ba, wani ne na uku da ake ba da labarin abin da ya saba yi. Bahaushe yakan ce "yakan tafi" ko "sukan tafi", kalmar "tafi" ba ta motsa ba, wakilin suna ne ya ɗauki nauyin bambancin. Shi ya sa nakan ga ɗalibai masu ƙwazo sun rubuta "he go" maimakon "he goes", kuma ban ɗauki hakan rashin fahimta ba, tsarin harshen uwa ne yake bin hannunsu. Asalin ɗafa-ƙeyar biyu ma daban ne: ta jam'i daga "-as" ta tsohon Turanci ta fito, ta aikatau kuwa daga arewacin Ingila ta yaɗu, har ta ture "-eth" ta irin su "goeth" a wajajen ƙarni na 17.

Aiki na uku shi ne mallaka, inda ake sa masa ɗan waƙafi a sama. "Audu's cap" hular Audu ke nan, sai dai su Turawa mai abin suke fara ambata.

Ka kuma kula da furuci, domin "s" ake ji a "cats", "z" a "dogs", sannan "iz" a "buses". Kalmomin da Turawa ba sa ƙirgawa, irin su "furniture", "advice" da "information", ba sa karɓar "s" ɗin jam'i, ko da kayan sun cika ɗaki.