Shawarar Lauya: Za mu iya tilasta a ba ɗanmu maganin da ake gwadawa?

Tambaya: Barista, ɗana mai shekara 9 yana fama da kansar jini. An yi masa maganin da aka sani, ciwon ya lafa, ya sake dawowa. Likitansa ya ce akwai sabon magani da wani kamfani ke gwadawa, hukuma ba ta amince da shi ba tukuna, kuma yaron bai cika sharuɗɗan shiga gwajin ba. Ni ina so a ba shi, mahaifinsa kuwa yana tsoron kada a mai da yaron abin gwaji. Me doka ta ce?

Amsa: Malama, Allah Ya ba yaro lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Doka ta ba ku ikon nema, ta ba ku ikon ƙin yarda, amma da wuya ta ba ku ikon tilastawa. An gwada hakan a Amurka, a shari'ar ƙungiyar Abigail Alliance, inda a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsarin mulki bai ba ko majinyacin da ke bakin mutuwa haƙƙin samun maganin da ba a amince da shi ba.

Duk da haka hanya tana nan, ana kiranta bayarwa don jinƙai, wato a ba majinyaci maganin da ba a amince da shi ba tukuna ba tare da ya shiga gwaji ba. Tarayyar Turai ta tanade ta a sashe na 83 na dokarta mai lamba 726/2004, Birtaniya ta buɗe nata shirin a 2014, Amurka kuma ta ƙara da wata doka a 2018 ga magungunan da suka tsallake matakin farko na gwaji. Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya suka fara fitarwa a 1964, ita ma ta yarda likita ya gwada abin da ba a tabbatar ba idan sanannun hanyoyi sun ƙare, bayan ya nemi shawarar ƙwararru ya kuma sami yardar mai haƙƙi. Kowace ƙasa da nata tsari, saboda haka ki tambayi likita wanne ke aiki a inda kuke.

Likita ne zai rubuta buƙatar, ba ku ba. Daga nan sai kamfani, sai hukumar kula da magunguna, sai kwamitin ɗa'a na asibiti. Mutane sukan ɗauka hukuma ce ke hana ruwa gudu, alhali FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, tana amincewa da kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan buƙatu. A wurin kamfani ake yawan cijewa: ko maganin kaɗan aka haɗa, ko suna gudun kada yaro ya rasu yana shansa abin ya ɓata musu gwaji. A 2014 kamfanin Chimerix ya hana wani yaro ɗan shekara 7, Josh Hardy, maganinsa, kuma ba kotu ce ta juya shi ba, hayaniyar jama'a ce. Ni ban so wannan hanya, domin ɗan wanda ya iya tara jama'a ne ke samu, ɗan wanda bai iya ba ya rasa.

Tsoron maigidanki kada ki yi wasa da shi. Cikin magungunan da ake fara gwadawa a jikin mutum, kusan ɗaya cikin goma ne ke kai wa ga amincewa, kuma jikin yaro ba ya sarrafa magani kamar na babba. Duniya ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba: yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Jigon ƙarar iyayen shi ne yarda.

Don haka takardar da za a miƙo muku ita ce abin lura. Kada ki sa hannu a tsaye a farfajiyar asibiti, ma'aikaciyar jinya na riƙe da biro tana jiranki. Ki karɓa ki tafi da ita, a karanta muku cikin harshen da kuke ji. A faɗa muku yara nawa aka taɓa ba, me ya same su, wa zai biya kuɗin maganin da na kwanciya, wa zai ɗauki nauyi idan ya yi illa. Inshora sau da yawa ba ta biyan irin wannan. A rubuta cewa kuna iya janyewa duk ranar da kuka ga dama ba tare da an daina kula da yaron ba. In kin ga layin da ke cewa kun yafe duk wani haƙƙi, ki tsaya ki nuna wa lauya.

Saɓaninku da mahaifinsa ma magana ce ta doka. Asibitoci da yawa ba za su taɓa yaro da irin wannan magani ba idan ra'ayin iyaye ya rabu biyu, kuma in aka je kotu, alƙali maslahar yaro zai duba, kamar yadda sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya shimfiɗa. A Ingila, a 2017, iyayen jariri Charlie Gard bakinsu ɗaya, sun tara kuɗin kai shi Amurka don a ba shi maganin gwaji, amma kotu ta hana, ta ce wahala kawai za a ƙara masa. Shawarata ku zauna ku biyu da likitan, ku nemi ra'ayin wani ƙwararre na biyu, ku tambayi abin da jinyar rage raɗaɗi za ta ba shi in kun fasa.

Yaron kuma a tambaye shi. Sa hannunsa ba ya ɗaure kowa a doka, amma sashe na 12 na waccan yarjejeniya ya ce a ji ta bakinsa gwargwadon shekarunsa, kuma kwamitin ɗa'a zai so ya ga an rubuta abin da ya ce.