Amsa: batirin da zai riƙe caji idan mota ta daɗe a ajiye

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce idan ka yi tafiya motarka takan yi sati uku ko wata guda a ajiye a Samaru, ka dawo ta ƙi tashi sai da turi, shi ne kake tambayar wane batir za ka saya.

Kafin ka fitar da kuɗi, a fara duba ko motar ce ke shanye wutar. Ko a kashe take, agogo da kwamfutar mota da ƙararrawar ɓarayi suna ja. Kai ta wajen mai wayarin, ya cire wayar negatif, ya saka mita tsakaninta da kan batir, a rufe ƙofofi a jira kamar minti 30. In jan ya wuce miliamp 50, akwai matsala. Ko 50 ɗin ma, a kwana guda Ah 1.2 ke nan (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), cikin kwana 25 batir mai Ah 60 ya rasa rabinsa. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga inda lambar ta faɗi. Yawanci rediyon da aka sa daga baya ne, ko tiraka (na'urar bin sawun mota) da aka jona kai tsaye, ko ƙwan but da ba ya mutuwa. A auna cajin motar ma, tana aiki mita ta nuna bolt 13.8 zuwa 14.4.

Shi kuwa batir, ɗauki rufaffe mai sinadarin kalsiyam, wanda ba a ƙara wa ruwa, don ya fi mai marafa jinkirin zubar da caji. In aljihu zai ɗauka, AGM, wato rufaffen batirin da ruwansa ke jiƙe a cikin zaren gilashi, ya fi su duka. Lambar CCA da masu shago ke nunawa ta tashin mota ce a ƙasashen ƙanƙara, hunturun Zariya bai kai nan ba. Kai lambar Ah za ka duba. In mazaunin zai ɗauki 75 maimakon 62, kuma kawunan sun dace da wayoyinka, ɗauki 75.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne ranar ƙira. Batir yakan yi watanni a shago cikin zafin bazara, zafi kuwa yana hanzarta zubewar caji. Ko a Sabon Gari ko a PZ za ka saya, sa a ɗora mita a gabanka: bolt 12.6 cikakke ne, ƙasa da 12.4 ka bar musu abinsu, haka wanda ya haura wata shida da ƙira. Batirin da ya daɗe ba caji, gishirin salfet kan daskare a farantansa, kuma ba ya komawa yadda yake. Na hannu kam, ban ba ka shawara ba sam.

Ranar tafiya, sa sifana lamba 10 ka kwance negatif, ka kauce da wayar kada ta taɓa kan. Goge ƙurar da ke saman batir, don idan ta sha danshi tana jan wuta tsakanin kawuna biyu, sannan ka shafa musu basilin. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, saitawa kawai za ka yi. In ba ka son cirewa, ƙaramin farantin sola mai wat 10 da na'urar daidaita caji ya wadatar.

Kada ka dogara da yaro ya tayar da ita minti biyar a silo, da ƙyar yake mayar da abin da kik ya ci. In za a tayar, a hau titi da ita na aƙalla minti 30.