Kyamarar Kaka Mai Zuga-zugi: Za Ta Yi Aiki Kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne daga Fagge. Na gaji wata tsohuwar kyamara daga kakana, mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, an rubuta 4x5 a jikinta. Ina son in ɗauki Dala da ganuwa, da kuma hoton kakata. Abokaina sun ce wahalar banza ce tunda ga waya. Kuma da na leƙa, komai a kife na gani. Ko ta lalace ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Lafiyarta ƙalau. Haka kowace irinta take nuna hoto a gilashin baya, sama a ƙasa, dama a hagu, domin babu madubin da zai juya shi. In ka yi mako biyu kana leƙawa, idonka zai saba.

4x5 ɗin nan girman fim ɗinta ne, inci huɗu da inci biyar, kuma falle-falle yake zuwa ba a naɗe ba. Falle ɗaya ya ninka na ƙaramar kyamara mai milimita 35 fiye da sau goma. Amma ni ba girman ne ya riƙe ni ba. Zuga-zugin nan da ke tsakiya shi ne sirrinta, domin yana barin gaba da baya su motsa kowa da kansa.

Ka je gaban Babban Masallaci ka ɗaga waya don ka kamo hasumiya, za ka ga ginin ya tsuke a sama kamar zai faɗi ta baya. Da kyamarar kakanka ba ka ɗaga kanta. Ka bar bayanta a miƙe tsaye, ka zame idon kyamarar, wato gilashin gaba, zuwa sama, sai hasumiya ta shigo a tsaye cak yadda magina suka gina ta. Wannan motsi na farko ke nan, amma na biyun ya fi burge ni. A karofin Ƙofar Mata na taɓa son ramin da ke gindin ƙafata da marinin da ke can nesa duk su fito tar. Na sunkuyar da idon gaba kaɗan, abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, sai ƙasan gaba ɗaya ta fito daga kusa har nesa. Ana danganta wannan ƙa'ida da Scheimpflug, wani sojan Ostiriya. Kada ka sunkuyar da yawa, a nan sabon hannu ke ɓata aiki.

Kafin komai, ka shiga ɗaki mai duhu, ka miƙe zuga-zugin, ka kunna tocila a ciki. In ka ga haske na tsiyayowa ta lungunan ninki, sai an toshe ko an sauya, in ba haka ba kowane hoto zai fito da tabo.

Sai ƙura, babbar abokiyar gabarmu a Kano. Wata shekara cikin hunturu na hau Dala da asuba da falle shida, na ɗauki birni yana fitowa daga cikin hazo, Goron Dutse na leƙowa. Da na wanke, sararin sama duk ɗige-ɗige baƙi, domin na loda fim a ɗakin da ban share ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don hasken wannan safiyar bai sake dawo mini ba. Tun daga ranar nake goge gidan fim, wato ɗan akwatin da ake sa fallen fim a ciki, da burushi mai laushi, in sa kowane a ledarsa. Iska ma a kan Dala tana kaɗa zuga-zugi, sai ka tsaya ka tare ta da jikinka. Wajen wanke fim kuma maganin wankin yana son digiri 20, ruwanmu kuwa a watan Afrilu ya wuce haka nesa, don haka ka tanadi ƙanƙara.

Fim irin su Ilford ko Fomapan sai an yi oda, kuma da tsada. Shawarata ka fara da takardar wanke hoto baƙi da fari. Ka yanka ta daidai gidan fim a ƙarƙashin jan fitila, ka ɗauka a kanta. Tana son haske sosai, kuma tana ƙara wa fatarmu duhu, saboda haka ka ƙara mata lokacin shigar haske wajen ɗauka.

Hoton Hajiya kakarka kuwa, ka nemi izininta tukuna, ka bar ta ta zaɓi zanen da take so. Ka zaunar da ita a bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ba cikin rana ba, a kujera mai majingina, domin in ta matso gaba da inci biyu idanunta sun fita daga saiti. Ka saita a kan idonta, ka rufe idon kyamarar, sannan ka zura gidan fim ka zare marfinsa. Mai mance rufewa ya ƙona falle. Daga nan ba ka ganin komai ta gilashi, sai ka fito daga ƙyalle ka tsaya a gefe, fuska da fuska. Ka tambaye ta labarin aurenta ko unguwar da ta tashi, in fuskarta ta nutsu ka ce ta riƙe haka, ka danna. Mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da irin wannan babbar kyamara ya yi hotunan da duniya ke kallo yau, yawanci a tsakar gida da hasken rana.

Ka fara da kakarka, ɗana, tun kafin Dala. In ka wanke na farko, ka aiko mini in gani.