Ɗana mai haɗa katun yana neman jari, in ba shi?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ɗana ya koya wa kansa haɗa katun a waya, yanzu ya matsa in saya masa kwamfuta, wai YouTube za ta riƙa biyansa da dala. Akwai ci a harkar nan kuwa?

Amsa: Hajiya, akwai ci, sai dai kuɗin YouTube ba na kusa ba ne. Kafin su fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo, sai tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba sa turo komai sai kuɗin sun kai dala 100. Ga aikin da cin rai: ko zane 12 ake yi wa kowace daƙiƙa, minti ɗaya ya tashi zane 720. In kuma katun ɗin na yara ne, tun 2020 aka taƙaita irin tallan da ake ɗora wa bidiyon yara, abin da ake samu ya ragu.

Kuɗin da zai fara taɓawa yana hannun maƙwabtanki. Masu shaguna, makarantun kuɗi, masu sayar da turare a WhatsApp, duk suna son tallan daƙiƙa 30 da Hausa mai daɗi. Ya yanke farashi bisa tsawon bidiyo, ya karɓi rabi kafin ya fara. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. Nan ne masu wannan sana'a suka fi faɗawa asara, domin mai ba da aiki ba ya gajiya da "ɗan canza min kalar hular nan".

Manhaja kam kada ki biya ko sisi, Blender da Krita kyauta ne. Kwamfuta ta hannu mai ƙarfi ta isa, da allon zane da ake haɗawa da kwamfuta, da ɗan sola saboda wuta.

Amma ni da zan ba ki shawara, kada ki ciro kuɗin tukuna. Ya fara yi wa shagonki talla da wayar tasa, ya samo aiki biyu da baƙi suka biya. In ya yi, ki ba shi a matsayin bashi, a rubuta lokacin biya a gaban kawunsa, kuma daga riba za ki cira, kada ki taɓa uwar kuɗin atamfa.