Tambaya da Amsa: Bargon ƙyallayena ya ƙi zama daidai

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Ni ba tela bace, sha'awa ce kawai, na gani a Facebook yadda ake haɗa ƙyallaye a yi bargo sai nace bari in gwada. Telan layinmu ya tara min leda biyu na ragowar ɗinkin Sallah, atamfa da shadda harda leshi, na yanka na haɗa amma wallahi sai abin ya karkace, kusurwa bata haɗuwa da 'yar uwarta, tsakiya kuma ya yi tudu. Maigida har dariya yake min wai tsumma nake wa kwalliya. Ko laifin keken ne? Tsohuwar Butterfly ce ta mamana.
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki ƙyale keken nan, ba ruwanta, ɗinki miƙaƙƙe kawai ake nema kuma ta iya. Matsalar tun wajen yanka ta fara.

Leshin nan ki cire shi gefe tukun. Yadin da zaki haɗa ya zama kaurinsu ɗaya, atamfa da atamfa, don in kika haɗa mai santsi ko mai miƙewa da mai tauri ɗaya zai ja ɗaya, shi ne tudun da kika gani. Kuma ki wanke su kafin almakashi ya taɓa su, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba musamman ja, ni da kaina na taɓa ɗinka na jariri fari da ja ban wanke ba, wanki ɗaya farin ya koma kalar zoɓo, har yau yana ƙasan akwati. In sun bushe ki goge.

Sai yanka. Kar ki yanka da ido, ki samu kwali mai tauri ki fitar da murabba'i inci 5 kowane gefe, ki ɗora akan kowane ƙyalle ki zana da alli, ki bi tsayin zaren yadin kar ki yanka a karkace. Wajen ɗinki kuma ki bar kwatan inci daga baki, kullum kwatan inci, ba yau kaɗan gobe da yawa ba. Ni selotef nake mannawa a jikin keke daidai wurin, bakin yadi yana bin shi. Kinga in kowane ƙyalle ya kauce da rabin kwatan inci kacal, kafin ki jera guda 8 kin yi asarar inci ɗaya cur, to ina kusurwa zata haɗu?

Ki fara da ƙarami. Guda 80, ki jera 8 a layi har layi 10, zai baki inci 36 da 45 wanda ya ishi jariri a sanyin hunturun Zariya. Ki shimfiɗa su a ƙasa ki ga yadda kalolin suka zauna kafin ki ɗinka, masu duhu da masu haske suna karɓa-karɓa. In kin gama layi ki kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga, layin farko zuwa dama na biyu zuwa hagu, in kin zo haɗa su zaki ji da yatsa sun shige juna, sai ki soka fil a nan. Dannawa ake yi da dutsen ba ja ba.

Wannan duk fuskar bargon ce fa, saura soso marar kauri a tsakiya da yadin baya, ki duba kasuwar Sabon Gari in kin kai nan.

Shi kuma maigida ki gaya masa 'yan Baye Fall, wani reshe na ɗariƙar Muridiyya a Senegal, riga mai faci kala-kala suke sawa da alfahari, a Amurka kuma barguna irin wannan na matan ƙauyen Gee's Bend har gidajen tarihi ana rataye su. Wanda kika riga kika ɗinka ki farke shi a hankali, ƙyallayen zasu sake yankuwa ko inci 4 ne.