Sun biya ni kuɗin wata uku, yau shekara biyu muryata tana talla

Salamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni mai aikin murya ce a Kano, ina karanta talla a rediyo kuma ina yin muryar yara a katun. A ƙarshen 2023 wani furodusa ya kira ni situdiyo na yi wa wani kamfanin sabulu jingil, wato ɗan gajeren tallan rediyo, na sakan 45, muka shirya a naira dubu 40, ya ce wata uku za a saka a gidan rediyo ɗaya. Har yau ana sakawa, na ji shi a tashoshi huɗu, ga shi an ɗora shi kan bidiyo a Facebook da TikTok. Da na yi magana sai ya ce ai an biya ni. Ba mu rubuta komai ba, saƙon muryar da ya turo min a WhatsApp kawai nake da shi. Sannan akwai katun da nake yin muryar wata yarinya, ana biyana duk fitowa, yana samun masu kallo sosai a YouTube amma ko sunana ba a sakawa. Wanda ya fi tayar min da hankali, satin da ya wuce ƙanwata ta turo min tallan wani maganin mata da muryata, kuma wallahi ban taɓa yin sa ba. Maigidana har ya fara cewa in bar aikin. Ina mafita?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo mana sauƙi. Kafin komai, wannan saƙon na WhatsApp kar ki bari ya salwanta, yau ɗin nan ki tura shi imel ɗinki, ki ɗauki hoton hirar yadda lambar furodusan da kwanan wata za su fito, ki ajiye alat ɗin banki na dubu 40 ɗin, kuma kar ki sayar da wayar ko ki ba wani ita. Zan faɗa miki dalili.

Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. A cikinta akwai babi guda da aka ware wa masu gabatar da aiki da jikinsu ko muryarsu, 'yan wasa da mawaƙa da masu karanta rubutu irinki. Dokar ta ce ke ce mai ikon yarda ko ƙi a naɗi muryarki, a kwafe ta, a watsa ta, ko a ɗora ta a intanet, kuma wannan haƙƙin yana kai shekara 50. To amma akwai wani wuri da yake kama mutane da yawa, don dokar ta kuma ce wanda ya yarda aka naɗi aikinsa, in dai babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, za a ɗauka ya miƙa waɗannan haƙƙoƙin ga wanda ya shirya naɗin, haka nan wanda ya yarda a watsa aikinsa a rediyo ana ɗauka ya yarda a maimaita. Wannan ita ce igiyar da furodusan yake riƙe da ita lokacin da ya ce miki "ai an biya ki", ko ya san dokar ko bai sani ba.

Abin da ya cece ki shi ne kalmar "in babu yarjejeniya". Ke kina da ita. Yarjejeniya ba dole sai takarda mai hatimi ba, izinin amfani da aiki, in dai ba izinin da aka keɓe wa mutum ɗaya tilo ba ne, ana iya bayar da shi da baki, kuma in mutum ya faɗa da bakinsa cewa wata uku ne a tasha ɗaya, toh ya gindaya wa kansa iyaka ke nan. Kamar wanda ya kama hayar shago ne na wata uku ya ci gaba da zama shekara biyu, har ya fasa bango ya haɗa da na kusa, biyan da ya yi na farko bai mayar da shagon nasa ba. Kotu tana karɓar saƙon waya a matsayin hujja a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, sai dai ana haɗawa da wani satifiket da ke bayanin na'urar da aka ciro saƙon da cewa tana aiki lafiya, shi ya sa na ce ki riƙe wayar. Ki sake sauraron saƙon da kunnen basira. In ya ce "wata uku ne kawai" kin yi ƙarfi sosai, in kuwa cewa ya yi "za mu fara da wata uku" lauyansu zai yi ta jan maganar, duk da haka ba duka kika rasa ba, don bai ambaci Facebook da TikTok ba.

Sai kuma ki sani da furodusan kika ƙulla, ba da kamfanin sabulun ba, kuma sau da yawa kamfani bai ma san abin da aka yi da mai murya ba, ya biya furodusa kuɗi mai kauri a kan cewa jingil ɗin ya zama nasa. Wannan yana miki amfani. Takardar lauya ta farko a aika wa su biyun, a rubuta ranar da aka yi aikin, abin da aka shirya, tashoshin da kika ji tallan da ranaku da lokuta, a nemi su dakata ko su biya kuɗin sabunta izini, a ba su kwana 14. Don haka daga yau ki fara naɗar tallan duk inda kika ji shi, ki bari sunan tashar ya shiga cikin naɗin, ki rubuta ƙarfe nawa ne. Kamfanin da yake kashe kuɗi yana sayen lokaci a tashoshi huɗu ba zai so a tsayar masa da talla a kan abin da bai taka kara ya karya ba a wajensa, galibi a nan ake zama a sasanta, kuma ni abin da nake so miki ke nan, a biya ki na baya a sabunta na gaba da rubutu, ki riƙe kwastoma ki riƙe mutuncinki. In kina son sulhun ya zama mai ƙarfi akwai cibiyar sasanci ta babbar kotun jihar Kano, abin da aka cimma a can alƙali yana iya sa masa hannu ya zama kamar hukunci.

In suka toshe kunne sai kotu, kuma nan a kula. Ƙarar keta haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin saurarenta, tana nan a Kano, in aka kai wata kotun daban za a kori ƙarar bayan an ɓata lokaci da kuɗi. In kuma saɓa alkawari zalla za ki bi a kan furodusan, kotun jiha ce. Kotu tana iya ba da umarnin dakatar da tallan, ta yanke diyya, amma gaskiya shari'a tana cin lokaci, ki zauna da lauyanki ku auna abin da za ki iya samu da abin da za ki kashe tukuna. Kar dai ki yi ta jira, ƙarar alkawari tana da wa'adi, shekara 5 ko 6 gwargwadon jiha, shekara biyu kuma sun riga sun tafi.

Maganar katun ba zan ɓoye miki ba, a fannin kuɗi ba ki da ƙarfi kamar na jingil, kin yarda an naɗa, an biya ki duk fitowa, kin san a YouTube za a saka, babu iyakar da aka gindaya. Amma sunanki haƙƙinki ne, dokar ta ba mai aiki damar a ambace shi a matsayin wanda ya yi, sai in yanayin aikin bai ba da hali ba, katun kuma yana da jerin sunaye a ƙarshe. Ki nema cikin lalama a rubuce. Kuma ki tuna yaran da ke kallo sun riga sun saba da muryar yarinyar nan, canza ki ba ƙaramin abu ba ne a wajen masu katun ɗin, don haka kafin ki shiga situdiyo a zango na gaba lokacin ciniki ne, ko a ƙara kuɗin fitowa ko a ba ki kaso.

Na uku, tallan maganin nan, shi ne ya fi ɓata min rai kuma shi za a fara bi. Ko dai an yanko kalmominki daga tsofaffin naɗi an harhaɗa, ko an ɗora muryarki a manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ta kwaikwayo ki, yanzu da naɗi ɗan kaɗan ake yi. In yanka aka yi, an kwafi aikinki ba izini kuma an jirkita shi ta hanyar da ke zubar miki da ƙima, dokar ta hana duka biyun. In kwaikwayo ne, babu sashen da ya ambaci kwaikwayon murya da AI ƙarara, amma sai da suka ɗauki naɗinki kafin su koya wa manhajar, sannan muryarki bayani ne da ake gane ki da shi, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shigo ke nan kuma hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, NDPC, tana karɓar ƙorafi. Ga kuma ɓata suna, don duk wanda ya ji zai ɗauka ke kika yarda kika yi.

Ki sauke bidiyon ki ajiye, ki kwafi adireshinsa da sunan shafin da lambar wayar da suka saka ta masu saye, kafin su goge. Daga nan ki kai rahoto ga Facebook ko TikTok ta fom ɗinsu na haƙƙin mallaka da na sojan gona, dokar 2022 ma ta tanadi a aika wa masu dandali sanarwa a rubuce su sauke abin da ya keta haƙƙi, sannan ki rubuta wa hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC. Akwai wata ƙofar da mutane ba su cika tunawa da ita ba. Tallan magani sai da amincewar NAFDAC, kuma kowane talla, har na soshiyal midiya, sai hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta tantance shi kafin ya fita, irin waɗannan masu maganin kuwa da wuya ka same su da ko ɗaya, ƙorafi ɗaya zuwa can yana iya girgiza su fiye da wata shida a kotu. Ki kuma fitar da gajeriyar sanarwa a shafinki cewa ba ke ba ce, ba zagi, ba kiran sunan wanda ba ki da hujja a kansa, kar a juyo da ƙarar kanki. Ki nuna wa maigida takardun ƙorafin ya gani da idonsa, hankalinsa zai fi kwanciya in ya ga an ɗauki mataki, kuma ni dai ba na goyon bayan ki bar sana'arki saboda ɓarnar wani.

Sana'ar ma tana da gaba, tun 1 ga Oktoba 2022 ARCON ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi don Najeriya, tallan Hausa kuma dama sai Bahaushe. Abin da ya rage shi ne kar ki sake tsayawa gaban makirfo ba rubutu. Ko saƙon WhatsApp ne ya isa in ya ƙunshi sunan kamfanin da kayan, wata nawa, waɗanne tashoshi, da intanet ko babu, nawa ne kuɗin sabuntawa in wa'adi ya cika, rabin kuɗi kafin naɗi, sai layi ɗaya da ke cewa ba a yarda a yanka muryarki zuwa wani tallan ba ko a saka ta a manhajar AI. Ki tura masa, ya amsa da "na amince" a rubuce, sannan ki sa hedifon.