Garin da ba sarki, wa ke raba faɗa?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai al'ummun da suka daɗe suna zaune ba sarki ba hakimi. To in aka yi kisa, wa ke yanke hukunci? Ni dai kaina ya ɗaure.

Amsa: Ɗan'uwa, ba laifinka ba ne. Mu da muka buɗe ido muka ga mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fada, da wuya mu hango wani zaman daban. Amma akwai shi. Dubi Nuwer, makiyayan shanu na Sudan ta Kudu, waɗanda Baturen Ingila Evans-Pritchard ya zauna da su a shekarun 1930, ya fitar da littafi a kansu a 1940.

A wurinsu a wancan zamanin, in mutum ya kashe wani, sai ya ruga gidan wani dattijo mai yafa fatar damisa. Ba zai ci ba, ba zai sha ba, sai dattijon ya tsaga masa hannu da mashin kamun kifi jini ya fito. Muddin yana gidan, ba mai taɓa shi. Daga nan dattijon zai shiga zirga-zirga tsakanin dangin biyu a kan diyya, shanu 40 zuwa 50. Dangin mamaci sai sun ja, sun ce jini suke so, don karɓa da wuri abin kunya ne. Shi kuwa ba dogari gare shi ba, ba kurkuku. Makaminsa lallashi, in abin ya ƙi, ya yi barazanar tsinuwa. Abin da ke tura mutane ga sulhu shi ne imaninsu cewa in dangin biyu suka ci ko suka sha a ƙwarya ɗaya kafin a biya, mutuwa ce. Ga shi kuwa makiyaya ɗaya, mashaya ɗaya, ga auratayya. Ina za ka guje wa mutum? Da shanun diyyar ma akan auro mata da sunan mamacin, 'ya'yan da ta haifa nasa ne.

Turawa sun kira wannan dattijo sarki. A ganina nan suka yi kuskure, mai shiga tsakani ne kawai. Kuma kada ka ɗauka aljanna ce, in dangin biyu na nesa da juna, gaba takan daɗe ba a kashe ta ba.

Irin wannan kuskure ya ci rayuka a nan Najeriya. A da, yawancin garuruwan Ibo taron dattawa da ƙungiyoyin sa'anni ke tafiyar da su, ko da yake wurare irin su Onica da Nri suna da sarakuna. Turawa sun ga mulki ta hannun sarakuna ya yi musu daidai a Arewa, sai suka riƙa zaɓar mutum ɗaya su ba shi takardar sarauta, ko da jiya ba kowa ba ne. A 1929, a garin Oloko, irin wannan sarki mai suna Okugo ya aika a ƙidaya mutane da dabbobi. Wata mata, Nwanyeruwa, ta yi cacar baki da ɗan aiken, don mata sun fahimci haraji ake shirin ɗora musu. Dubban mata suka fito a yankunan Aba da Kalaba, suka kewaye gidajen sarakunan, suka farfasa kotuna. Sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mata sama da 50. Okugo kuwa aka tuɓe shi aka ɗaure, daga baya Turawa suka koma neman majalisun dattawan da suka yi watsi da su.